Muhammad al-Kashinawi

Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi (ya rasu a shekarar 1741) malamin addinin Musulunci ne kuma masanin lissafi da ilimin taurari, Bafulatani daga ƙasar Katsina. An fi saninsa da rubuce-rubucensa a kan hatimi, wato murabba'in da ake jera lambobi a gidajensa.

Karatu da tafiye-tafiye

Ya yi karatu a Katsina lokacin da birnin yake cibiyar ilimi da kasuwanci a ƙasar Hausa. Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali, malamin ƙasar Bagarmi. Wajajen shekarar 1730 ya sauke farali a Makka, daga nan ya wuce birnin Alƙahira na Masar, inda ya zauna yana koyarwa da rubutu.

Ayyukansa

Cikin littattafan da ya wallafa da Larabci akwai Bahjat al-Afaƙ, a kan ilimin haruffa da hatimai, da kuma al-Durr al-Manzum, a kan taurari da ɗalasimai. Ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara a kowane gefe, kamar uku-uku ko biyar-biyar. Sharaɗin shi ne jimlar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, ta zo daidai. A hatimin uku-uku mai lambobi 1 zuwa 9 jimlar ita ce 15, a na biyar-biyar kuwa 65.

Hatimin uku-uku yana da alaƙa da darasin ƙidayar zaɓi da ɗalibai suke koya a yau. Akwai hanyoyi 84 na zaɓen lambobi uku daga cikin tara, amma 8 kaɗai suke ba da 15, kuma su ne layuka takwas na hatimin. Haka nan idan aka mai da gidajen tara ɗigogi, zaɓi 8 suna faɗawa a kan miƙaƙƙen layi, saura 76 su ne suke ba da alwatika.

Rasuwa

Ya rasu a Alƙahira a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan Hasan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, ya rubuta tarihinsa. A shekarar 1973 Claudia Zaslavsky ta yi bayanin aikinsa a littafinta Africa Counts, abin da ya ƙara fito da sunansa a tarihin lissafin Afirka.