Claude Shannon, masanin da ya nuna wa kwamfuta hanyar buga dara

An haifi Claude Shannon ran 30 ga watan Afrilu 1916 a Petoskey, jihar Michigan ta Amurka. Ya yi karatun lissafi da na wutar lantarki, kana ya shiga aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs. A 1948 ya fitar da nazarin da ya zama harsashin sadarwar zamani, daga wayar salula har intanet.

A 1950 ya waiwayi darar Turawa, wadda Faransawa ke kira eshek. Duk mai buga dara a bakin kasuwa ya san dabarar: kafin ka motsa ɗa, sai ka auna amsar abokin karawa da taka amsar. Shannon ya ƙiyasta cewa a kowane juyi ɗan wasa na da zaɓi kusan 30, kuma yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai 1 mai sifili 120 a bayansa. Babu na'urar da za ta iya bin su duka.

Saboda haka ya shata hanyoyi biyu. Ta farko, na'ura ta duba kowane motsi har zuwa wani zurfi. Ta biyu, ta yi irin ta gwanaye: ta bi motsi masu ma'ana kaɗai, ta datse sauran rassan. Shi kansa ya fi karkata ga ta biyu, sai dai tana da haɗari, domin motsin nasara kan ɓuya a reshen da aka yar.

Maganin ya zo daga dabarar alfa-beta, wadda John McCarthy na cikin waɗanda suka gano ta. Da zarar na'ura ta ga reshe ya fi wanda take riƙe da shi muni, sai ta bar shi, kuma amsar ba ta canzawa. In an jera motsin da kyau, hangenta kan ninka zurfi. Da irin wannan datsa ne Deep Blue ta kamfanin IBM, mai duba matsayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa, ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a watan Mayu 1997.

A lokacin cutar mantuwa ta Alzheimer ta riga ta kama Shannon. Ya mutu ran 24 ga watan Fabrairu 2001, yana da shekara 84.