Babban Gwani Muhammadu Durugu

In 'yan ajinmu suka kaure da musu, wai SketchUp ya fi sauƙi, Rhino ya fi iya lanƙwasa, ni Muhammadu Durugu nake tunawa. Shi ne Babban Gwanin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Da tubali, laka da azarar giginya ya ɗaura bakan gizo, ya ɗora tulluwa a kai, don ya san inda nauyi ke sauka. Har a gidan tarihi na Jos an kwaikwayi aikinsa. 'Yan uwa, mu bar gardamar nan. Duk tsohon soron da ya rage a Ƙofar Marke, mu auna shi, mu zana a kwamfuta kafin damina ta cinye shi.