Ilai Witni (1765-1825): Maƙerin Injin Gurzar Auduga da Gwagwarmayar Mallakar Ƙirƙira

1.0 Gabatarwa

Auduga tana cikin amfanin gonar da suka daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa, kuma harshen kansa shaida ne a kan haka. Akwai gurza da shiɓa da kaɗi da saƙa da rini, akwai kuma magurji da angurya da bakan shiɓa da mazari da taskira. Gurza, wato raba auduga da anguryarta, ita ce matakin farko, kuma ita ce mafi cin lokaci. Mace kan ɗora audugar a kan magurji, ta riƙa murza ta da siririn ƙarfe har 'ya'yan su fita, ta wuni tana yi ba ta tara abin kirki ba.

Wannan babi zai kawo tarihin wani Ba'amurke da ya ƙera injin da ya sauƙaƙa wannan aiki, wato Ilai Witni, wanda ake rubuta sunansa Eli Whitney a littattafan Turanci. Za a dubi tasowarsa da ƙirƙirarsa da kuma wahalar da ya sha wajen kare haƙƙinsa a gaban shari'a. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci abin da takardar mallakar ƙirƙira take iya yi wa mai ita, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

2.0 Ma'anar Takardar Mallakar Ƙirƙira

Takardar mallakar ƙirƙira wata yarjejeniya ce tsakanin hukuma da wanda ya ƙago sabon abu. Shi zai bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, ba tare da ɓoye komai ba. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi sai da izininsa, har zuwa wani ƙayyadadden lokaci. Idan wa'adin ya cika, ilimin ya zama na kowa da kowa. Birnin Benis na ƙasar Italiya ya kafa irin wannan doka a 1474, Ingila ta yi tata a 1624, Amurka kuma a 1790. Ke nan dokar Amurka jaririya ce a lokacin da Witni ya buƙace ta.

3.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Ilai Witni ranar 8 ga Disamba, 1765, a garin Wesboro na yankin Masacusets. Mahaifinsa manomi ne da ke da ɗan ɗakin gyare-gyare a gida, kuma a nan yaron ya fara sabawa da guduma da zarto da magagari. Mahaifiyarsa ta rasu a 1777 yana da shekara goma sha ɗaya. A lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka ƙusa ta yi wuya, domin daga Ingila ake kawo ta. Witni, yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya shiga ƙera ƙusa yana sayarwa, ya kuwa samu riba.

Bai samu shiga jami'a da wuri ba saboda rashin abin hannu. Sai da ya yi aikin gona da koyarwa a makarantun ƙauye ya tara kuɗi, sannan ya shiga Kwalejin Yel a 1789, ya kammala a 1792. Burinsa ya karanta shari'a, amma aljihu bai yarda ba. Saboda haka ya karɓi aikin koyar da 'ya'yan wani mai hali a kudancin ƙasar. A hanya ya haɗu da Katirina Girin, matar marigayi Janar Nataniyal Girin, ɗaya daga cikin jaruman yaƙin 'yanci. Da aikin koyarwar bai yiwu ba, sai ta sauke shi a gandunta da ke kusa da birnin Sabana a jihar Jojiya. A can ya shaƙu da wakilin gandun, Finiyas Mila, wanda shi ma tsohon ɗalibin Yel ne.

4.0 Ƙirƙirar Injin Gurza

A wancan zamani masaƙun Ingila sun samu injunan kaɗi da na saƙa, suna neman auduga ido rufe. Manoman kudancin Amurka kuwa suna da iri biyu. Na farko mai dogon gashi ne, anguryarsa baƙa ce mai santsi, tana fita cikin sauƙi, amma ba ya yi sai a gaɓar teku. Na biyu mai gajeren gashi ne, yana yi ko'ina a cikin ƙasa, sai dai anguryarsa tana manne wa gashin ƙam. Mutum kan wuni kafin ya tsince laba ɗaya. Wannan ne ya sa noman irin na biyu ba ya biyan wahala.

Witni ya ji manoma suna kokawa da wannan matsala, ya shiga ɗaki ya duƙufa, kuma a 1793 ya fito da injinsa. Tsarin mai sauƙi ne. Akwai gangar katako da aka kafa wa ƙananan ƙugiyoyin waya. Idan aka juya ta, ƙugiyoyin sukan fizgo gashin audugar ta cikin wasu tsagogi na ƙarfe, waɗanda ƙanƙantarsu ba ta barin angurya ta wuce. Sai kuma ganga ta biyu mai buroshi ta share gashin daga ƙugiyoyin don kada su cushe. Da wannan na'ura mutum ɗaya yakan gurje kimanin laba 50 a rana. Wasu marubuta na baya sun ce Katirina Girin tana da hannu a dabarar, amma da sunan Witni aka yi rajista.

Ya miƙa takardar nemansa a watan Oktoba, 1793, ga Sakataren Harkokin Waje, Tomas Jefasin, wanda ofishinsa ke kula da wannan aiki. Jefasin ya nemi a kawo samfurin injin, har ma ya nuna sha'awar sayen ɗaya don amfanin gidansa. An ba Witni takardar mallaka ranar 14 ga Maris, 1794, mai wa'adin shekara goma sha huɗu.

5.0 Gwagwarmayar Kare Haƙƙi

Witni da Mila sun kafa kamfani, suka yanke shawarar ba za su sayar da injin ba. Sun tsara su kakkafa shi a wurare, manomi ya kawo audugarsa a gurje masa, su ɗebi kashi biyu cikin biyar a matsayin lada. Manoma suka ga wannan zalunci ne. Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga lada mai tsada, ga auduga ta nuna a gona, ga shi kuma duk kafinta ko maƙerin da ya ga injin sau ɗaya zai iya yin irinsa. Nan da nan kwaikwayo ya cika ƙasa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a 1795 gobara ta cinye masana'antar Witni da ke Niyu Heban tare da injunan da ke ciki.

A 1796 wani mai suna Hojin Homs ya samu tasa takardar a kan injin da ya sa wa faifan zarto a madadin ƙugiyoyin waya. Wannan gyara ya fi ƙarko, kuma shi manoma suka fi so. A nan aka fuskanci tambayar da har yau take gaban kotuna a duniya: a ina gyara yake tsayawa, a ina kuma sabuwar ƙirƙira take farawa?

Kamfanin ya shigar da ƙararraki masu yawa a Jojiya, ya kuma faɗi a shari'ar farko a 1797. Dalili ɗaya shi ne masu taya alƙali yanke hukunci 'yan yankin ne, noman auduga kuma shi ne arzikin yankin. Dalili na biyu ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi sosai. Dokar 1793 ta haɗa ƙera abu da amfani da shi da mahaɗin da ke daidai da kalmar da a Hausa. Lauyoyi suka kafa hujja cewa ba a kama mutum sai in shi ya ƙera kuma shi yake amfani. Maƙeri ya ce shi bai gurji auduga ba, manomi ya ce shi bai ƙera komai ba, kowa ya kuɓuta. Sai a 1800 majalisa ta gyara jimlar, ta yadda aikata ɗaya daga ciki ma laifi ne. Mahaɗi guda ya jawo wa mutum asarar shekaru.

Daga bisani kamfanin ya sassauta, ya koma sayar da izini. A 1801 jihar Karolina ta Kudu ta amince ta biya dala 50,000 don manomanta su yi amfani da injin, ko da yake sai da aka kai ruwa rana kafin kuɗin su fito duka. Karolina ta Arewa ta ɗora haraji a kan injunan gurza tana ba kamfanin. Mila ya rasu a 1803 bai ga ƙarshen shari'ar ba. A 1807 Alƙali Wiliyam Jonsin ya tabbatar wa Witni haƙƙinsa, amma a wannan shekarar wa'adin takardar ya ƙare. Ya nemi majalisa ta sabunta masa a 1812, aka ƙi. Akasarin abin da ya samu ya tafi wajen biyan bashi da lauyoyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

6.0 Sauran Rayuwarsa da Rasuwarsa

Tun kafin a gama shari'o'in, bashi ya sa Witni ya nemi wata hanya. A 1798 ya karɓi kwangilar ƙera wa gwamnati bindigogi 10,000 a kan dala 134,000, alhali bai taɓa ƙera bindiga ba. An ba shi shekara biyu da 'yan watanni, bai gama ba sai 1809. Ya yi suna wajen tallata tsarin ƙera sassa iri ɗaya, ta yadda za a cire na wannan bindiga a sa wa waccan, har ya yi nuni a gaban shugabannin ƙasar a 1801. Sai dai wani Bafaranshe, Onore Bilan, ya riga shi wannan dabara, kuma binciken masana tarihi ya nuna sassan bindigogin Witni ba su kai ga haka ba. Duk da haka a wannan sana'a ya yi arziki, kuma bai sake neman takardar mallaka a kan na'urorin da ya ƙera ba.

Ya auri Henriyeta Edwads a 1817, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ya rasu a Niyu Heban ranar 8 ga Janairu, 1825, bayan doguwar jinya, yana da shekara 59.

7.0 Tasirin Injin

Audugar da Amurka ta fitar waje a 1793 ba ta kai laba 500,000 ba, amma a 1810 ta kai laba miliyan 93. Sai dai injin gurza kawai yake yi, shuka da noma da tsinka suna nan sai da hannu, kuma hannun bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Bayi a Amurka sun tashi daga kimanin 700,000 a 1790 zuwa kusan miliyan huɗu a 1860. Na'urar da aka yi don rage wahala ta zama sanadin ƙara wa miliyoyin mutane wahala, ta kuma taimaka wajen rura wutar da ta kai ga yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865.

Wannan yaƙi ya tsayar da masaƙun Lankasha a Ingila, ya nuna musu haɗarin dogaro da ƙasa ɗaya. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Mancesta, wadda aka fi sani da Bisije a ƙasar Hausa. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ƙungiyar ta kafa gidan gurza a nan, daga baya kuma a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Injunan da aka kawo masu faifan zarto ne, wato jikokin na Witni da Homs. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama cibiya a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma inganta irin auduga yana cikin manyan ayyukanta.

8.0 Darasi ga Maƙeranmu

A Sabon Gari da Samaru akwai masu walda da ke ƙera injunan niƙa da markaɗe da casa, suna yi musu gyare-gyare gwargwadon buƙatar manomi. Dokar Nijeriya ta 1970 ta tanadi kariya ga irin wannan aiki. Sharuɗɗanta uku ne: abin ya zama sabo, ya fito daga zurfin tunanin mai shi, kuma ya yiwu a yi amfani da shi a sana'a ko masana'anta. Gyaran da aka yi wa abin da ke da rajista ma yana iya samun takarda in ya cika waɗannan sharuɗɗa. Wa'adin shekara 20 ne daga ranar nema, tare da biyan kuɗin shekara-shekara. Wanda ya riga kai takarda shi doka ta sani, kuma wanda ya baza abinsa a kasuwa kafin ya nema ya zubar da sabuntarsa. Ofishin rajistar yana Abuja, hukumar NOTAP da aka kafa a 1979 kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen nema.

9.0 Kammalawa

Tarihin Witni ya nuna cewa takardar mallaka tana buƙatar abubuwa uku kafin ta amfani mai ita: doka mai tsabtataccen lafazi, kotu mai adalci, da farashin da jama'a za su iya biya. Witni ya rasa biyun farko na tsawon shekaru, na ukun kuma shi ya hana kansa. Ya kamata malamin gobe ya koya wa ɗalibansa girmama fasahar mai fasaha, ya kuma nuna musu cewa ana auna ƙirƙira da abin da ta haifar ga mutanen da ke aiki a ƙarƙashinta.

Tambayoyi

1. Yi bayanin yarjejeniyar da ke tsakanin hukuma da mai ƙirƙira.
2. Kawo dalilai uku da suka hana Witni cin moriyar injinsa.
3. Ta yaya mahaɗi guda ya sauya ma'anar dokar 1793? Gina jimloli biyu na Hausa da ke nuna bambancin da da ko.
4. Tattaro kalmomi goma da suka shafi sarrafa auduga a karin harshen yankinku, tare da ma'anoninsu.