Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Zazzau

A cikin maginan da aka yi a ƙasar Hausa, babu wanda sunansa ya kai na Malam Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma a zamanin wannan sarki ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, daura da fada.

Kayan aikinsa su ne ƙasa da tubali da azara. Da su ya ɗaure bakuna masu tsawo bisa manyan ginshiƙai, ya yi rufin tulluwa a kansu. Tun yaɓe yana ɗanye ake fitar da zane da hannu a jikin bango da ginshiƙi, in ya bushe ya zama ado mai tudu da kwari. Wannan gwaninta ta sa sarakuna suka riƙa nemansa, har ana danganta masa soron fadar Bauchi da Gidan Madaki na Kafin Madaki.

Masu ba da tarihi sun ce ajalinsa ya zo ne a Birnin Gwari, ƙasar da ke maƙwabtaka da Jihar Zamfara. Wai da ya gama wa sarkin garin gini, sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi kyau.

To, ginin ƙasa kuwa kowace damina sai ta ci rabonta. Abin da ya tsare mana siffar aikinsa shi ne awo da zane. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin, ya zana taswirarsa, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990, shekara 8 bayan rasuwarsa.

Amfanin irin wannan aiki ya bayyana a Iraƙi. A 1845, lokacin Abdulkarimu yana gadon sarauta, wani Bature ɗan Ingila, Austen Henry Layard, ya fara haƙo fadar sarakunan Assuriya a Nimrud, yana kwafar sassaƙen dutsen da ke bangonta a takarda. Da 'yan ta'adda suka tarwatsa fadar a 2015, zane da hotuna suka zama shaidar abin da aka rasa.

A watan Agusta na 2023 wani sashe na Masallacin Zariya ya rufta, masallata da dama suka rasu. Saboda haka ya kamata masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da sauran masu tsofaffin soraye, su sa a auna su, a zana su, a gyara su tun suna tsaye. Allah ya jiƙan Babban Gwani, amin.