Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka musanya da doki

 Yau mun leƙa maƙwabciyarmu Najeriya, mun ɗauko muku labarin Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilika. Mun san galibin ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Ƙonni da Magarya da Gaya ba addininsu ɗaya da shi ba, amma duk wanda ya san ciniki zai so ya ji labarin mutumin da shi kansa aka taɓa kasa shi a kasuwa kamar haja. Kuma wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takardar naira ɗaya ya riga ya ga fuskar jininsa, domin Herbert Macaulay da hotonsa ke jikinta jikansa ne.

An haifi Ajayi a wajajen shekarar 1809 a garin Osogun na ƙasar Yarabawa. A 1821, yana da shekara 12 ko 13, mahara suka auka wa garin da sassafe, a zamanin da daular Oyo ke rugujewa, yaƙi ya zama hanyar samun bayi. Kamar yadda shi da kansa ya rubuta daga baya, maharan haɗin gwiwa ne na Yarabawan Oyo Musulmi da Fulani da bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu. Aka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya, aka cinna wa garin wuta. Bai sake ganin mahaifinsa ba.

Daga nan ciniki ya fara. Wanda ya same shi a rabon ganima ya ba da shi aka ba shi doki. Bayan kamar wata biyu sai aka ga dokin bai yi ba, aka warware ciniki, kowa ya karɓi abinsa. Ƴan kasuwar dabbobi sun san wannan, sai dai a nan ɗan Adam ne a ɗaya gefen. Daga baya aka kai shi kasuwar Ijaye, wata mata ƴar fatauci ta saye shi. Da ya ji ana zancen za a nufi bakin teku inda Turawan Fotugal suke, tsoro ya kama shi har ya yi yunƙurin shaƙe kansa, Allah bai nufa ba. Haka ya yi ta sauya hannu, ana ba da shi a karɓi taba da barasa, har ya iso Ikko, wato Legas, inda aka sayar da shi ga Turawan da yake gudu.

A watan Afrilun 1822 aka loda su cikin jirgin ruwa, mutum sama da 180. Ba su yi nisa ba jiragen yaƙin Ingila masu farautar jiragen bayi suka tare su. A watan Yuni aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda ake tsugunar da bayin da aka ƴanta.

A nan ne yaron ya nuna irin halinsa. An ce cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, harshen da bai taɓa ji ba kafin shekarar. Ya kuma koyi aikin kafinta. A ranar 11 ga Disamban 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan mai suna Samuel Crowther. Ya je Ingila ya yi ƴan watanni a makaranta a 1826, sannan a 1827 da ƙungiyar mishan ta CMS ta buɗe kwalejin Fourah Bay, sunansa ne na farko a rajista. Ya auri wata yarinya da aka ƴanta kamarsa, mai suna Asano, wadda aka sa wa Susan, suka zauna tare wajen shekara 50. Dukansu biyu sun yi aikin koyarwa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ya fassara wa kansa abin da ya same shi. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1837 ya bayyana ranar da aka kama shi a matsayin ranar baƙin ciki, kuma ranar albarka, domin a imaninsa ta wannan ƙofar ce Allah ya bi da shi zuwa ga ilimi da bangaskiya. Kiristoci kan kwatanta shi da Yusufu, wanda aka sayar ga fatake ya ƙare yana ceton danginsa. Wannan fahimta ita ce jarinsa. Da ita ya kafa wa kansa buri, wato ya koma wurin mutanensa da Littafi Mai Tsarki cikin harshen da suka sha a nono.

Amma kada a ɗauka an haife shi da haƙuri ne. Lokacin da yake malamin makaranta a Saliyo yana da zafin kai irin na sabon shiga. Wata rana wani yaro Musulmi ya zo aji da laya a wuya, Crowther ya tsinke ta ya ce ya mayar gida. Uban yaron ya zo a fusace. Malamin ya ce a tara dattawa a yi muhawara, ya shirya tsaf, ya zo ɗauke da Littafi Mai Tsarki na Larabci da fassarar Alƙur'ani ta Turanci. Aka watse babu wanda ya motsa daga inda yake. Ya daɗe yana tuna wannan rana, ya gane cewa kayar da mutum a gardama ba ya buɗe zuciyarsa. Daga nan ya sauya salo, ya zama mai saurare kafin ya yi magana.

A 1841 gwamnatin Ingila ta tura jiragen ruwa su bi kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi a koma na auduga da manja. CMS ta sa Crowther cikin tafiyar tare da wani Bajamushe, James Frederick Schön. Tafiyar ta zama bala'i, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Sai dai abu biyu suka fito daga cikinta. Schön ya duƙufa kan Hausa, har ya fitar da nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da shi ma bauta ta raba shi da gida. Na biyu, shugabannin CMS sun karanta rahoton da Crowther ya rubuta, suka ga aikin nan sai ɗan ƙasa. Aka kira shi Landan, aka naɗa shi limamin coci a 1843, shekarar da ya buga littafinsa na kalmomin Yarabanci.

Ya sauka Badagiri a 1845, ya isa Abekuta a 1846. A can ne ya ji cewa mahaifiyarsa, Afala, tana raye a wani gari kusa. Suka haɗu bayan shekara 25 da rabuwa, suka riƙe juna suna kallo, magana ta gagara. Ya kuma gano ƙannensa mata. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma da sunan Hannatu. A 1851 kuwa, wanda aka musanya da doki ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya a fadar Windsor yana yi mata bayanin cinikin bayi a Legas, ya kuma karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarabanci.

Ya sake hawa kogi a 1854 tare da likita William Baikie, suka shiga Binuwai, wannan karon ba a rasa rai ko ɗaya ba saboda an riƙa shan kwinin kullum. A 1857 aka kafa mishan na Kwara, aka fara da Anaca, ma'aikatan duk baƙaƙen fata ne daga Saliyo. A wannan tafiya jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace, suka maƙale wajen shekara guda. Wani da sai ya zauna yana ƙirga asara. Shi kuwa ya mayar da zaman makaranta, ya shiga cikin Nufawa da fatake yana rubuta kalmomi. Abin da ya tara ya zama littafin koyon karatun Nufanci a 1860, da nahawu a 1864.

Wata jarrabawar ta zo a ƙarshen 1862, lokacin da gobara ta cinye gidansa na Legas. Kayan ɗaki ba su dame shi ba kamar takardunsa, domin kalmomi da karin maganar Yarabanci da ya shafe kusan shekara 11 yana tarawa daga bakin tsofaffi da mawaƙa sun ƙone ƙurmus. Duk ɗan kasuwar da wuta ta taɓa ci wa rumfa ya san irin wannan safiya. Ya sake farawa daga tushe. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Yarabanci a 1884, aikin da shi ne ginshiƙinsa, kuma ita ce ta kafa yadda ake rubuta harshen.

A ranar 29 ga Yunin 1864 aka naɗa shi bishop a babban cocin Canterbury, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ba shi ya nemi muƙamin ba, har ma ya yi ta nonnoƙewa. Sakataren CMS, Henry Venn, shi ya matsa, saboda yana ganin coci a Afirka dole ya ciyar da kansa, ya mulki kansa, ya yaɗa kansa. Wasu Turawan mishan, musamman Henry Townsend na Abekuta, sun ƙi yarda baƙar fata ya shugabance su. Sai aka yanka masa yanki mai faɗi wanda babu su a ciki, aka kuma bar shi da ƙarancin kuɗi. Shekaru da dama ko jirgin kansa ba shi da shi, sai ya jira na ƴan kasuwa su rage masa hanya.

A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi tare da ɗansa Dandeson a gaɓar kogi kusa da Idah, ya nemi fam 1,000 a kan kowannensu. An kuɓutar da su, amma jami'in Ingila da ya zo daga Lakwaja, William Fell, kibiya mai dafi ta same shi ya mutu a hanya.

Mu a nan abin da muka fi so mu tsaya a kai shi ne zamansa da sarakunan Musulmi. Ya yi ta zuwa Bida wurin Etsu Masaba, yana kai saƙo da kyauta, yana raba Littafi Mai Tsarki na Larabci ga malamai masu so. A 1872 da ya ratsa Ilori, sarki ya tara fada aka yi masa tambayoyi masu nauyi a kan Yesu Almasihu. Malamin nan da ya taɓa tsinke laya bai ɗaga murya ba. Duk tambayar da aka yi, sai ya sa a buɗe littafin a karanto wurin da Yarabanci, ya fara da labarin zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryamu, abin da ya san mutanen fadar sun sani. Da aka nemi jin irin addu'arsu, ya karanta wadda ake yi wa sarauniya, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan mai mulkinta ake sawa. Ba su bar addininsu ba, shi ma bai rage komai daga nasa ba, aka rabu da mutunci. Saboda irin wannan amana ce a shekarun 1880 Etsu Maliki na Bida ya aika masa takarda yana roƙonsa ya kai kuka wurin sarauniya a hana shigo da barasa ƙasar Nufe, domin ta lalata masa jama'a.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Venn ya mutu a 1873, iska ta juya. Kamfanin Royal Niger da ya samu izinin mulkin kogin a 1886 ya riƙa matse ƴan kasuwa baƙaƙe da lasisi da haraji har suka rasa wurin tsayawa, kuma abin da ya faru a kasuwa shi ya faru a coci. A 1890 wasu samarin Turawa suka iso, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka sauka Lakwaja da rigunan Hausawa suna niyyar shiga ƙasar Hausa. Suka zargi ma'aikatan bishop da shaye-shaye da fatauci da lalata. Gaskiya ita ce wasu daga cikin ma'aikatan sun yi laifi, kuma tsohon yana da sanyin hannu wajen hukunci, ya fi son a ja kunne a ba mutum dama. Amma yadda aka yi abin cin fuska ne. A taron da aka yi a Anaca a watan Agustan 1890, yaran da ya yi jika da su suka dakatar da limaman da ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, yana zaune a kujerar shugaba. Ya ajiye shugabancin kwamitin, bai zagi kowa ba.

Shanyewar jiki ta kama shi a 1891, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba na shekarar, ya haura 80. Robinson ya riga shi da ƴan watanni, Brooke ya bi shi a 1892, dukansu a Lakwaja, ba su kai Kano ba. Aka naɗa Bature a gurbinsa, aka kuma yi wajen shekara 60 kafin a sake damƙa wa baƙar fata cikakken yankin bishop na Angilika a Najeriya. A 1971 aka ɗauke ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele aka mayar harabar babban cocin Christ Church na Legas. A 2014, da ake cika shekara 150 da naɗinsa, shugaban cocin Angilika na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a cocin Canterbury ɗin nan da aka naɗa shi, ya amsa a bainar jama'a cewa cocin ya ci amanar Crowther, ya nemi gafara.