Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Shekarun Boɗinga da ƙofar da aka rufe

An fi sanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Gwandu, inda kabarinsa yake, amma a Boɗinga ya yi shekarun da alƙalaminsa ya fi albarka.

An haife shi a wajen shekarar 1766. Ƙane ne ga Shehu Usmanu, kuma ɗalibinsa, daga baya ya zama wazirinsa. Shi ya jagoranci rundunar jama'ar Shehu a Tafkin Kwatto cikin 1804, inda aka karya mayaƙan Gobir.

Sai dai nasarar ba ta kwantar masa da hankali ba. Da ya ga wasu mayaƙan sun karkata ga ganima da neman sarauta, sai ya bar runduna a 1807 ya nufi gabas da niyyar aikin Hajji. Mutanen Kano suka tsare shi da roƙo. A can ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya komo gida.

Da Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna a Boɗinga da ke kusa da ita. A 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Duk da wannan nauyi, a waɗannan shekarun ne ya tattara waƙoƙinsa na Larabci da labarin jihadi cikin Tazyinul Waraƙat a 1813, ya kuma kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'wil, wanda malaman zaure ke karantarwa har yau. Abin takaici, kaɗan ne daga masu ratsa garin a kan hanyar Sakkwato zuwa Yabo suka san wannan.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Abdullahi ya hau daga Boɗinga, ya tarar an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Bai ja daga ba, ya juya ya nufi Gwandu. Zumunci ya yi sanyi har lokacin da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo wa baffansa gudummawa. Bayan cin garin ne Abdullahi ya yi masa mubaya'a, daular ta tsira daga tsagewa gida biyu.

Ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Gwandu, ya rasu a 1829, ɗansa Muhammadu ya gaje shi.