Jan Czochralski, Mai Tsoma Alƙalami Cikin Kuza

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, na san ba ku manta da malaminmu na kimiyya ba, wanda kan zane duk wanda ya yi sakaci a ɗakin gwaje-gwaje. Shi nake tunawa duk sa'ad da na karanta labarin Jan Czochralski.

An haife shi a Kcynia ta ƙasar Poland a 1885, ɗan kafinta ne. Yana aiki a kamfanin AEG a Berlin, a 1916, ya zo rubutu, maimakon kwalbar tawada sai ya tsoma alƙalaminsa cikin narkakkiyar kuza. Da ya zaro, ga siririn zaren ƙarfe a bakinsa. Ni da gogewa zan yi in ci gaba. Shi kuwa ya bincika, ya gano ƙwayoyin zaren sun daskare a jeri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ya buga sakamakon a 1918. Da wannan dabara ta janyowa a hankali ake samar da mafi yawan silikon ɗin da ke cikin wayoyinmu da kwamfutoci.

Ya koma gida a 1928, ya zama farfesa a Warsaw. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka zarge shi da haɗa kai da Jamusawa, aka raba shi da kujerarsa. Ya koma garinsu yana haɗa kayan shafe-shafe har ya rasu a 1953. Sai a 2011 jami'arsa ta wanke shi, bayan an samu takardun da suka nuna ya taimaki mayaƙan ɓoye na ƙasarsa.